Kyamarar da Jalo Ya Ɗaura a Goshi

Shekarar Jalo goma sha bakwai ranar da ya tsaga wa Bappa ƙirji. A filin shaɗi ne, bayan Babbar Sallah, a gefen wata kasuwar ƙauye da ke kan hanyar Ningi. Wanda bai taɓa ganin shaɗi ba, ga yadda yake. Samari biyu ne daga dangi daban-daban, ɗaya ya tuɓe riga ya tsaya, ɗayan ya yi ta zagaya shi da tsumagiyar tsamiya wadda aka gasa aka shafe da mai, yana auna inda nama ya fi laushi, sannan ya sauke iya ƙarfin da Allah ya ba shi. Wanda ake duka yakan riƙe ɗan madubi yana kallon fuskarsa, don duniya ta shaida ko girarsa ba ta motsa ba. In ya motsa, ko ya sosa wurin, ko hawaye ya zubo, to ya jawo wa kansa da danginsa abin faɗa na har abada. In an gama sai a sa ranar ramuwa, mai dukan shi ma ya tsaya a yi masa adadin da ya yi.

Uku Jalo ya yi wa Bappa. Ta farko ta kwanta a haƙarƙari ta tashi da fata. Ta biyu ya sauke ta a kan sawun ta farko, wanda mugunta ce tsagwaronta, kuma ya san da haka lokacin da yake yi. Ta uku ta naɗo ta tsinke wa Bappa kan nonon hagu, jini ya bi cikinsa har ya jiƙa bakin wando. Shi kuwa Bappa yana ta murmushi a madubi yana gyara kitsonsa, kamar wanda ake yi wa fifita. 'Yan mata suka yi guɗa, aka sa ramuwa bayan mako biyu.

Saura kwana huɗu ranar ta cika ɓarayin shanu suka afka wa rugarsu Jalo da rana tsaka. Sun harbi mahaifinsa a cinya, jini ya ƙare masa kafin a samo babur, suka kore garken gaba ɗaya har da maraƙi. Mahaifiyarsa Bintu ta tattara 'ya'yanta da ƙoren nononta ta shigo Bauchi, wurin wani yayanta da ke da ɗaki biyu a Ƙofar Ran. Ranar ramuwa Bappa ya zo fili da sabuwar tsumagiya, ya tsaya tun hantsi har la'asar, Jalo bai zo ba. Ni dai ban ga laifin yaron da ke zaman makokin ubansa ba. Amma mutanen daji ba su duba wannan ba, abin da suka ce shi ne ya yi duka ya gudu.

A birni Jalo ya fara da acaɓa, daga nan ya faɗa harkar ɗaukar bidiyon biki, kuma abin ya karɓe shi. Dogo ne siriri, maganarsa sai an roƙa, amma hannunsa ba ya rawa. Zai saɓa kyamara a kafaɗa ya bi amarya daga lungu har mota, ka kalli hoton ka rantse a kan tebur aka ɗora ta. Cikin shekara tara ya buɗe ɗan shago a bakin titi, ya yi suna har Yelwa da Fadaman Mada. Ƙawayen amare sun san zafinsa, domin duk wadda ta tare masa gaba da gwaggwaronta sai ta ji abin da ba ta so. Mutumin da ya ɗauki fuskar rabin garin Bauchi kuma, in ka ɗaga waya za ka ɗauke shi sai ya kawar da kai.

Bappa bai manta ba, kuma bai bari an manta ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, amma duk ranar da ya koro shanu kasuwa sai ya ratso ta Ƙofar Ran. Zai tsaya a ƙofar shagon, ba sallama ba gaisuwa, ya ɗage rigarsa har wuya ya nuna tabon nan da ya kumbura kamar igiya, ya sauke rigar ya wuce. Ko da mutane a shagon haka zai yi. Jalo yakan ci gaba da danna kwamfuta kamar bai gani ba, amma ranar ba ya iya cin abinci.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi cin ransa maganar Inna Bintu ce. Tana sai da fura da nono a wajen kasuwar Wunti, inda matan rugage ke jera ƙorensu a inuwa, kuma rabinsu danginta ne ko dangin Bappa. Sun raɗa mata suna Uwar Mai Ƙafa. Ba ta taɓa gaya masa ba, kuma ba za ta gaya masa ba, domin shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wannan" ko "yayanku", in zai shigo ɗaki ta sunkuyar da kai, in yana magana ta kalli bango. Haka ta tarar ana yi, haka take yi, kuma ba ta san wata hanyar son ɗan fari ba bayan wannan.

Wata ranar Alhamis yana cikin keke zai je ɗaukar kamu, cunkoso ya tsayar da su a Wunti. Ya hango matan a jere a inuwa suna hira. Can tsallaken titi, cikin rana ƙwal, kusa da masu facin taya, ya ga Inna ita kaɗai da ƙwaryarta, ta rufe kai da faifai. Mai keken ya ce ai kullum nan take zama, ya ɗauka ma ba Bafillatana ba ce. Jalo bai je kamun ba. Ya sauka ya nemi wanda zai kai wa Arɗo, shugaban rugarsu Bappa, saƙo cewa in Sallah ta zo zai tsaya.

Daga nan sai sana'a ta shigo cikin maganar. Ya san Inna ba za ta je filin ba, uwa ba ta tsayawa kallon ana dukan ɗanta na fari. Ya kuma san in labari ya biyo ta bakin dangin Bappa, kafin ya iso Wunti an karkatar da shi. Don haka yana son shaida wadda za ta riƙe a hannunta. Bidiyon shaɗin da ke yawo a wayoyi kuwa duk haushi suke ba shi, daga bayan taro ake ɗauka, ba abin da kake gani sai ƙeyar mutane da sanduna. Shi so yake a ga abin daga inda idonsa yake, a ga tsumagiya tana tahowa. Tunaninsa shi ne, in kyamara tana jikinsa kuma hoton bai motsa ba, to shi ma bai motsa ba, magana ta ƙare.

Ya tafi Yelwa wurin Godfrey, wani ɗan Bogoro mai shagon kayan hoto da ɗalibai ke cika wa, abokin hulɗarsa na shekaru. Godfrey mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya, in ya san abu sai kowa ya san ya sani. Ya saurari bayanin yana riƙe da baki, ya ce wannan hauka ne, sannan ya shiga fito da kwalaye yana murna.

Ya fara ɗauko kyamarar da ake ɗaurawa a ƙirji da ɗamara. Jalo ya juya ta ya ajiye.

"Nan ne wurin dukan. In na rufe shi da roba za su ce sulke na sa."

"To ga na tabarau, Oga Jalo. Kyamaran yana tsakanin ido biyu, daidai abin da kake gani shi zai ɗauka."

"Idon suke son gani. In na sa baƙin gilashi za a ce kuka nake ɓoyewa."

Godfrey ya sosa kai ya fito da wata mai ɗan mariƙi da ake cizawa da haƙori, ya ce masu tseren keke ita suke so. Jalo ya yi dariyar da bai shirya ba. Ya ce a wurinsu wanda ya cusa abu a baki lokacin duka ya riga ya faɗi, cizon tsumma na mai naƙuda ne, kuma da wane bakin zai yi murmushi?

Saura ta goshi, 'yar ƙarama kamar akwatin ashana, da madauri mai zagaya kai. Iri biyu ne a shagon. Ɗaya tsohon yayi ce, duk yadda kanka ya yi haka hoton zai yi. Ɗayar sabuwa ce, kuma a nan bakin Godfrey ya buɗe. Ya kunna ta, ya haɗa ta da wayarsa, ya riƙe ta yana karkaɗawa kamar mai kaɗa nono, hoton da ke cikin wayar kuwa yana nan tsaye kyam.

"Ka gani? Akwai abu a ciki da yake riƙe hoto. Ko gudu kake yi, ko sanyi yana kaɗa ka, shi babu ruwansa."

Jalo ya ji, ya kuma gane sarai abin da hakan ke nufi. Ya daɗe yana kallon tsohuwar, sannan ya tura ta gefe ya ce a ba shi sabuwar, wai ta fi hasken hoto. Ba hasken hoto ba ne, tsoro ne. Shekara tara rabonsa da daji, jikinsa ya saba da katifa da fanka, bai san abin da naman nan zai yi ba in tsamiya ta sauka a kansa. Godfrey ya ƙara da cewa madubin nan fa zai tare rabin hoton, Jalo ya ce ba komai, zai ɗaga sandarsa sama da hannu biyu, ai wasu ma haka suke tsayawa.

Kwana uku bayan Sallah suka ɗauki keke zuwa wani fili a bayan gari, shi da Godfrey wanda zai riƙe wayar. Ba a cika yin shaɗi a fili yanzu ba, malamai suna wa'azi a kai, amma labarin ramuwar shekara tara ya tara mutane fiye da na kasuwa. Arɗo, wani tsoho mai ido ɗaya, ya taɓa kyamarar da yatsa ya tambaya ko laya ce. Aka ce masa ta hoto ce. Ya ce su duka biyun sun wuce shekarun wannan wasa, amma tunda ramuwa ce, a yi a gama.

Jalo ya tuɓe riga, mata suka yi dariyar hasken fatarsa. Ya kafa ƙafafu, ya ɗaga sanda, ya buɗe haƙora. Bappa ya shigo da tsumagiya mai kaurin babban yatsa, baƙa wuluk saboda mai da hayaƙi. Ya zagaya shi sau biyar, yana ɗagawa kamar zai sauke yana fasawa, yana shafa masa bakinta a haƙarƙari.

"Ɗan birni," ya ce a hankali, "ka yi ƙiba."

Ta farko ta sauka a dama da ƙara irin ta fasa icce. Jalo ya ji kamar an zuba masa tafasasshen mai daga hammata zuwa cibiya, numfashinsa ya tsaya a maƙogwaro. Fatar ta buɗe fari fat kafin jini ya cika ta. Bai sauke murmushin ba.

Ta biyu Bappa ya mayar masa da abin da ya yi masa, ya sauke ta cikin ramin ta farko. Wani ɗan nama ya fallatsa ya manne a rigar Godfrey, wanda ya ja baya yana kiran sunan Yesu. Jalo ya ji fitsari yana neman kufce masa, ya matse, ya kafa ido a kan wata bishiyar ɗorawa da ke bayan taron.

Ta uku ta zo ta hagu, ƙasa da inda ya zata. Wani abu ya yi ƙas a cikinsa, kowa na kusa ya ji. Duniya ta yi masa fari na ɗan lokaci, ba ya gani ba ya ji, da ta dawo ya tarar da kansa a tsaye, sanda a sama, bakinsa da ɗanɗanon ƙarfe. Danginsa suka ruga suna harba sanduna sama. Dangin Bappa kuma suka ce ƙarya ne, a ta uku ya ranƙwafa, kafaɗarsa ta sauka. Nan take aka fara zare sanduna, wani ya fasa wa wani goshi, Arɗo ya shiga tsakani yana zagin kowa da kowa.

Jalo da kansa bai san ko ya ranƙwafa ba. Ya ce a kawo wayar. Dattawa suka yi da'ira, Godfrey ya kunna musu. Ga Bappa yana tahowa, ga tsumagiya ta cika fuskar wayar har wani tsoho ya kauce, ga ƙara, ga ɗorawa can a tsaye ko ganyenta bai karkata ba. Sau uku haka. Arɗo ya gyaɗa kai ya ce ko dutse iyakar abin da zai yi ke nan, ya kuma ce lallai wannan abin hoto na kirki ne.

Da Arɗo bai yabi kyamarar ba da an tashi lafiya. Godfrey ya ji an taɓo inda yake masa daɗi.

"Baba, ai ba ka ga komai ba. Wannan ko mutum yana rawa, hoton ba zai motsa ba. Bari ka gani."

Kafin Jalo ya buɗe baki ya zare ta daga goshinsa, ya shiga karkaɗa ta a gaban dattawa yana nuna musu wayar. Hoton ya tsaya kyam. Godfrey ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, hannunsa ya rage sauri, sannan ya tsaya.

Arɗo ya juyo da idonsa ɗaya. "Ka san haka take da ka ɗaura ta?"

Jalo zai iya cewa bai sani ba, kuma Godfrey ba zai ƙaryata shi ba. Ya tuna Inna kusa da masu facin taya, rana na dukan faifan da ke kanta. Ya ce, "Na sani, Arɗo." Sannan ya tambayi Godfrey ko ana iya kashe abin da ke riƙe hoton. Godfrey ya ce ana iyawa, amma don Allah ya duba gefensa, ƙashi ya karye, wurin har ya fara hawa. Jalo ya ce ya kashe. Aka karkaɗa ta a gaban kowa, hoton ya yi ta tsalle, ya mayar da ita goshi ya ɗaure.

"Uku na yi maka, uku ka rama," ya ce wa Bappa. "Wannan kyauta ce. Zaɓi inda kake so."

Bappa ya dubi gefen hagun da ya kumbura ya yi shuɗi, ya dubi Arɗo. Ba wanda ya ce masa kada ya yi. Mutum ne da ya yi shekara tara yana ɗage riga a titi, ba zai iya sassautawa a gaban danginsa ba ko da yana so. Bai yi zagaye ba wannan karon. Ya ja baya taku biyu, ya taho da gudu, ya sauke ta a kan karayar.

Waɗanda suka kalli wannan hoton sun ce ya girgiza sau ɗaya, kaɗan, daidai saukar dukan, kamar an buga ƙofa, sannan ɗorawar ta koma inda take ta tsaya. Arɗo ya ƙirga goma a bayyane ya ce ya tsaya, duk wanda ya sake cewa ya gudu shi zai ja da shi. Jalo ya sauke sandar, ya yi taku shida zuwa wurin rigarsa, ya yi tari, jini mai kumfa ya biyo ta baki da hanci. A bayan wata motar itace aka kawo shi asibiti, Godfrey yana riƙe da kansa, Bappa yana riƙe da ƙafafun.

Haƙarƙari uku ne suka karye, ɗaya ya huda huhu. Aka sa masa roba a gefe tana zuƙo jini cikin kwalba. Likita ya ce zai tashi, amma saɓa babbar kyamara a wannan kafaɗa sai dai wani. A kwana na biyar Inna Bintu ta zo da la'asar, ɗakin cike da masu dubiya. Matan Wunti sun riga sun aiko mata da cewa ta dawo inuwa, wata ƙanwar Jalo ce ta faɗa. Ta gaida kowa ban da shi, ta zauna a tabarma ta ba gadon baya.

Jalo ya yi wa Godfrey alama da ido. Godfrey ya durƙusa ya miƙa mata wayar da hannu biyu ya kunna. Ta riƙe ta nesa da fuska kamar yadda tsofaffi ke yi. Ta kalli duka huɗun ba ta ƙifta ba, ta ce a sake. Aka sake. A karo na uku ta kawo wayar kusa, ta karkata ta hagu, ta karkata ta dama, ta leƙa bayanta.

"Ɗana," ta ce wa Godfrey da murya ƙasa-ƙasa, "ina ake dannawa ya juyo? Bappa kaɗai nake gani."

"Mama, ba ya juyawa. Kyamaran yana goshinsa ne, abin da ya gani kawai ya ɗauka."

"To shi yana ina?"

"Ba ya ciki, Mama."

Ta ci gaba da kallon fuskar Bappa da ta tsaya a wayar, baki a yage. Sai a lokacin Jalo ya gane abin da ta zo nema. Ba shaida take so ba, Arɗo ya riga ya ba da wannan. Ta ɗauka yau za ta samu fuskar ɗanta a tafin hannunta, ta kalle ta iya son ranta ba tare da kowa ya ce ta yi rashin kunya ba. Baƙin ciki ya taso masa ya fi na karayar zafi, ya buɗe baki, robar da ke gefensa ta hana shi jan numfashin da zai yi magana.

Tsakaninta da gadon bai fi taku biyu ba. Ta goge fuskar wayar da bakin zanenta, ta miƙa wa Godfrey, ta ce wa ƙanwar ta tambayi yayansu ko zai iya shan fura.